Tukunya ɗaya, addinai daban-daban: me ciyarwar haɗin gwiwa ke iya yi, me kuma ya fi ƙarfinta?

Da zarar azumi ya kama, ko Kirsimeti ta gabato, ko wani bala'i ya afka wa wani gari, sai hotuna su cika kafafen sada zumunta. Ga limami da fasto sun kama buhu ɗaya. Ga 'yan coci suna miƙa wa masu azumi abin buɗa-baki. Ga matasan masallaci suna sauke kayan abinci a ƙofar gidan marayu na Kirista. Nan take jama'a su dare gida uku. Wasu su ce shi ke nan, an samo maganin yunwa da na gaba a lokaci guda. Wasu su ce a bi sannu, ruwa ba ya tsami banza, wanda ya ciyar da kai yau gobe zai nemi ka bi shi wurin ibadarsa. Na ukun kuwa cewa suke duk burga ce, da an gama ɗaukar hoto kowa zai kama gabansa.

Tambayar ita ce: idan mabiya addinai daban-daban suka haɗu a kan ciyar da mayunwata, me ke canzawa da gaske? Yunwar tana raguwa? Zukata suna kusantar juna? Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma abin da ke hana su fahimtar juna shi ne ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne liyafar manya. Shugabannin addini su zauna a teburi guda, a yi jawabi, a ci, a watse. Tana da amfaninta, domin mabiyi idan ya ga jagoransa ya ci abinci da wanda ake ce masa maƙiyi ne, wani abu yakan sassauta a ransa. Amma ba ta ciyar da mayunwaci ko ɗaya, kuma ba don haka aka shirya ta ba.

Na biyu shi ne wata al'umma ta dafa ko ta raba, ta buɗe ƙofa ga kowa ba tare da tambayar addininsa ba. Wani gidan ibadar mabiya Buddha da ke Dhaka, babban birnin Bangaladash, ya yi suna da wannan: duk Ramadan masu ibadar gidan sukan raba wa talakawan Musulmi abin buɗa-baki. A Masar ma an san Kiristoci da ke shimfiɗa teburin buɗa-baki a bakin titi.

Na uku, wanda ya fi wuya kuma ya fi ƙaranci, shi ne al'ummomin su haɗa kuɗi, ma'aikata da shawara, su tafiyar da aikin a matsayin nasu su duka. A nan ake samun rigima kan asusu, kan ranar hutu, kan wanda zai riƙe mabuɗin sito. A nan ne kuma, a ganina, ake samun mafi yawan abin da ake kira fahimtar juna.

Ita ma kalmar yunwa tana ɗauke da matakai. Akwai wanda bai san inda abincin gobe zai fito ba. Akwai wanda yake ƙoshi amma da abu iri ɗaya kullum, jikinsa na rasa abubuwan gina jiki, 'ya'yansa na tsumburewa. Akwai kuma matsananciyar yunwa, wadda masana ba sa ayyana ta sai mutane sun fara mutuwa da yawa, kamar yadda aka ayyana a sansanin Zamzam na Darfur a shekarar 2024. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, wato kusan mutum ɗaya cikin 11 a duniya, ɗaya cikin biyar a Afirka. Waɗanda ba sa iya sayen abinci mai gina jiki kuwa sun haura biliyan biyu da rabi. Tukunyar wurin ibada tana iya kai mutum gobe. Mataki na biyu da na uku sun fi ƙarfinta ita kaɗai.

Me ya sa wuraren ibada ke kan gaba?

Dalili na farko a rubuce yake. Alƙur'ani, a Suratul Insan, ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme alhali su ma suna bukatar abincin, suna cewa don Allah kaɗai muke ciyar da ku, ba ma neman sakamako ko godiya daga gare ku. Malaman tafsiri sun lura cewa kamammen yaƙi a wancan zamani galibi ba Musulmi ba ne. An ruwaito cewa an yanka akuya a gidan Abdullahi ɗan Amr, da ya dawo abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. A Linjilar Matiyu sura ta 25, ciyar da mayunwaci na cikin ma'aunin da za a yi wa mutane hisabi da shi. Attaura kuma ta umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada ya koma yin kala, ya bar wa matalauci da baƙo. Ba sai an ƙirƙiro wata sabuwar aƙida ba kafin waɗannan mutane su haɗu a kan abinci. Kowa daga littafinsa zai taso.

Dalili na biyu na zahiri ne. Wurin ibada yana da fili, yana da mutanen da ke taruwa duk mako ba tare da an biya su ba, yana da al'adar tara kuɗi, kuma ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Idan yaƙi ya ɓarke, ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasashen waje kan hau jirgi, limami da fasto kuwa suna nan. A Sudan, tun da yaƙi ya tashi a watan Afrilun 2023, ɗakunan girki na unguwa da ake kira takaya, waɗanda asalinsu ke komawa ga zawiyoyin Sufaye, su ne suka riƙe ran ɗimbin mutane a Khartoum lokacin da manyan hukumomi suka kasa shiga.

Abin kuma ya daɗe. A shekarar 1552 Hurrem, matar Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman, ta kafa gidan ciyarwa a birnin Ƙudus wanda ke ba ɗaruruwan mutane abinci sau biyu a rana, kuma har yau ana girki a wurin. Bankin abinci na farko irin na zamani, inda ake tara rarar kantuna a raba wa mabukata, John van Hengel ne ya kafa shi a Phoenix ta Amurka a 1967, da taimakon wani cocin Katolika.

Amma wanda ke son ganin yadda ake gina daidaito a cikin kwanon abinci, ya dubi langar, wato ciyarwar kyauta ta mabiya addinin Sikh. A babban wurin ibadarsu da ke Amritsar a Indiya, mutum zai cire takalmi, ya wanke ƙafa, ya rufe kansa. A ƙofar zauren a miƙa masa faranti da cokali, ya shiga ya zauna a ƙasa cikin sahu, kafaɗa da kafaɗa da duk wanda ya tarar, attajiri ne ko almajiri. Masu hidima na bin sahun da bokitai suna zubawa. Gurasa kuwa ba a karɓarta da hannu ɗaya, sai ka buɗe tafukanka biyu a sako maka, minista ne kai ko ɗan dako. Ana gamawa a tashi, a share, wani ayarin ya shigo. A waje kuma ƙarar faranti ce ba dare ba rana, ɗaruruwan 'yan sa-kai na wanke-wanke, wasu na ɓare tafarnuwa, kuma ba wanda zai hana baƙon da ya gama ci ya naɗe hannun riga ya shiga cikinsu. Dubun dubatar mutane ke ci a nan kullum, a ranakun biki su kai dubu ɗari ko fiye. Guru Nanak ne ya fara wannan al'ada wajen shekaru 500 da suka wuce, a ƙasar da tsarin asali ya hana ɗan babban gida cin abinci kusa da wanda ake ganin ƙasƙantacce ne. Zaman ƙasan nan da gangan aka tsara shi.

Shin abincin ne ya yi ƙaranci?

A nan masu cewa an samo maganin yunwa suke yin kuskure. Masanin tattalin arziƙi ɗan Indiya Amartya Sen, wanda ya samu lambar Nobel a 1998, ya bi diddigin yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 da ta kashe mutum kusan miliyan uku. Abin da ya nuna shi ne ba ƙarewar shinkafa ce ta kashe su ba. Farashi ne ya yi tashin gwauron zabo saboda yaƙi da ɓoye kaya, ladan leburan gona da masunta bai kamo shi ba, sai suka mutu alhali akwai abinci a kasuwa. Yunwa, a mafi yawan lokuta, rashin ikon mallakar abinci ce.

Duniyar yau ma haka take. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a 2022, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. A gefe guda kuma yaƙi, fari, ambaliya, tsadar taki da faɗuwar darajar kuɗi ke jefa mutane cikin layin karɓar abinci. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake warwarewa a ɗakin girki.

Birtaniya misali ce mai kyau, domin ba wanda zai ce abinci ya ƙare a can. Ƙungiyar Trussell, wadda Kiristoci suka kafa kuma yawancin cibiyoyinta a coci suke, ta buɗe bankin abincinta na farko a Salisbury a 2000. A shekarar 2010 zuwa 2011 ta raba ƙunshin abincin gaggawa wajen 61,000. A 2023 zuwa 2024 adadin ya haura miliyan uku. Wannan ba labarin nasara ba ne, kuma ita kanta ƙungiyar tana faɗin cewa burinta a kai ranar da ba a bukatarta. Masu suka na cewa duk lokacin da masu ibada suka cike gurbin, gwamnati kan samu sararin janye jiki, abin da ya kamata ya zama haƙƙin ɗan ƙasa ya koma alfarma. Kuma haƙƙi ne a rubuce: yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziƙi da zamantakewa ta ambaci 'yancin kowane mutum na kuɓuta daga yunwa.

Sukar tana da ƙarfi, sai dai wanda ya kwana biyu bai ci ba, ba zai jira a gyara kasafin kuɗi ba. Ba a ce a daina ciyarwa ba. Abin da ake cewa shi ne kada mai ciyarwa ya ɗauka ya gama aiki.

Tsoron da ke bayan kwano

Masu cewa a bi sannu ba su yi ƙarya ba, tarihi na bayansu. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta lalata dankalin da talakawan Ailan suka dogara da shi. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗaya suka yi hijira. A cikin wannan hali wasu masu wa'azin Furotesta suka buɗe makarantu da wuraren rabon miya, inda yaran Katolika ke samun abinci tare da darasin aƙidar da iyayensu ba su yarda da ita ba. Waɗanda suka yi hakan ba su da yawa idan aka kwatanta da masu taimako tsakani da Allah, amma tabon ya zauna. Iyalan da suka karɓa an yi ta yi musu gori har jikoki, kuma har yau a Ailan idan aka ce wane ya sha miya, ana nufin ya sayar da aƙidarsa. Mafi muni, akwai waɗanda suka ƙaurace wa wuraren ciyarwa gaba ɗaya don gudun abin kunya, cikinsu kuwa ba komai.

A wannan yunwar dai Kiristoci 'yan ɗariƙar Quaker sun ciyar ba tare da gindaya sharaɗi ba, kuma da alheri ake tuna su har gobe. Haka ake tuna Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid, Musulmi, da ya aika fam 1,000 a 1847, da ƙabilar Choctaw ta Amurka, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga tasu uƙubar ba, suka tara ɗan abin da suke da shi suka aika. Masifa ɗaya, masu bayarwa iri biyu, kuma bayan shekaru sama da 170 mutanen ƙasar ba su manta wanda ya yi wanne ba.

Saboda irin wannan ne ƙa'idojin aikin agaji da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin jinƙai suka fitar a 1994 suka ce a bayar da taimako bisa bukata kaɗai, ba tare da duba launi, addini ko ƙasa ba, kuma kada a yi amfani da shi wajen tallata wata manufar siyasa ko ta addini. Ƙungiyoyin addini da dama sun sa hannu, na Kirista da na Musulmi.

Sai dai sharaɗi ba lallai a furta shi ba. Idan sai an gama wa'azi ake buɗe tukunya, sharaɗi ne. Idan fom ɗin rajista na tambayar addini ba tare da wani dalili ba, sharaɗi ne. Idan an saka 'yar takardar da'awa ko ta bishara a cikin buhu, mai karɓa ya gane saƙon, domin ya san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasu masu wa'azi, a kowane ɓangare, za su ce ai isar da saƙo wajibi ne a kansu, kuma ceton rai ya fi ceton ciki. Ba wanda ya hana su wa'azi. Maganar ita ce mutumin da yunwa ta durƙusar ba shi da ikon cewa a'a, kuma amincewar da aka karɓa daga wanda ba zai iya ƙi ba, ba ta da daraja a kowane addini. Alƙur'ani ya yi gargaɗi kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa. Malamin Yahudawa Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, da ya jera matakan sadaka guda takwas, ya sa wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba a kusa da ƙololuwa. Samanta sai wadda za ta sa mutum ya tsaya da ƙafarsa, kamar jari ko aiki.

Wani amfanin haɗin gwiwa da ba a cika faɗa ba ke nan: kowa na zama mai sa ido a kan ɗan'uwansa. Wuya ne a saka takardar wa'azi a buhun da limami da fasto suka ɗaure bakinsa tare. Kuma uwar da ba za ta taɓa tura ɗanta karɓar abinci a wurin ibadar wasu ba, za ta tura shi idan ta ga nata mutanen a cikin masu rabo.

Me za a dafa, da kuɗin wa?

Galibin ayyukan da suka watse ba a kan tauhidi suka watse ba, a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ne. Musulmi na bukatar halal. Bayahude mai kiyaye doka ba ya haɗa nama da madara, har tukwanensu daban. Hindu da yawa ba sa cin nama, musamman na saniya. Mabiya addinin Jain ba sa cin abin da aka tono daga ƙasa, irin su albasa da dankali. Kiristocin Orthodox na Habasha da Masar na da ranakun azumi masu yawa da ba sa taɓa duk abin da ya fito daga dabba. Wanda ya ɗauka naman halal zai gamsar da kowa ma ya yi kuskure, domin Sikh da ya yi mubaya'a an hana shi cin naman da aka yanka ta hanyar ibada. Sannan ga abincin da aka fara miƙa wa abin bauta, wanda Musulmi da Kiristoci da yawa ba za su ci ba.

Shi ya sa ɗakunan girki na haɗin gwiwa da dama ke ajiye nama gefe su tsaya kan hatsi, wake da ganye, kamar yadda langar ke yi. Amma a nan ma akwai iyaka. Gidauniyar Akshaya Patra, wadda ta faro a Bangalore a 2000 da yara 1,500 kuma yanzu take ciyar da 'yan makaranta sama da miliyan biyu, ta sha suka a jihar Karnataka saboda ƙin sa albasa da tafarnuwa bisa aƙidar waɗanda suka kafa ta. Masu suka suka ce dokar cin abincin mai dafawa ba ta hau kan yaron da ke ci ba, balle da kuɗin gwamnati ake aikin. Ina ganin suna da hujja.

Batun kuɗi ya fi wannan sarƙaƙiya. Zakka tana da masu cinta guda takwas da aka lissafa a Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai na ganin kason matalauta na Musulmi ne. Sadakar ganin dama kuwa ana ba kowa. Ƙungiyoyin da suka san aikinsu sukan ware asusun zakka daban, su ciyar da kowa daga asusun sadaka. Haka mai bayar da baiko a coci yana da haƙƙin sanin inda kuɗinsa ya tafi. Idan ba a fayyace wannan tun ranar farko ba, ranar da jita-jita ta tashi cewa an kwashi dukiyarmu an ba wasu, ba mai iya kashe ta.

Ana kuma iya yi. A 2006, lokacin da faɗa ya kori dubban mutane daga garin Muttur na Siri Lanka, ƙungiyar Muslim Aid da hukumar agaji ta cocin Methodist ta Amurka sun yi aiki tare, kowacce na shiga inda ɗayar ba za ta samu karɓuwa ba, daga baya suka ƙulla yarjejeniya a 2007. Islamic Relief, da aka kafa a Birmingham a 1984, ta yi irin wannan da tarayyar cocin Lutheran ta duniya a 2014. Ƙungiyar Khalsa Aid ta mabiya Sikh kuma tana cikin waɗanda suka dafa wa Musulmin Rohingya abinci a kan iyakar Bangaladash a 2017.

Cin abinci tare yana kashe ƙiyayya?

Masanin halayyar ɗan'adam Gordon Allport ya kawo ra'ayi a 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyamar juna, amma da sharuɗɗa: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri guda, su yi aiki tare ba gasa ba, kuma shugabanni su mara wa abin baya. A 2006 wasu masana biyu, Pettigrew da Tropp, suka tattara bincike sama da 500, suka ga lallai cuɗanya na rage ƙyama a mafi yawan lokuta.

Sharaɗin farko shi ne inda gizo ke saƙar. Layin karɓar abinci ba wurin daidaito ba ne. Idan kullum mabiya addini ɗaya ke riƙe da ludayi, mabiya ɗayan ke riƙe da kwano, abin da ke girma a zuciyar mai bayarwa tausayi ne mai haɗe da raini, a zuciyar mai karɓa kuma godiya ce mai haɗe da jin nauyi. Ba ɗaya daga ciki da za a kira fahimta. Fahimtar tana tsirowa ne a bayan fage, tsakanin mata biyu da suka shafe wata shida suna yankan albasa a benci ɗaya, har ɗaya ta san lokacin da ɗayar ke tashi yin salla ta karɓe mata wuƙa, ɗayar kuma ta san ranar Lahadi ba za a ga abokiyarta ba sai da rana. Ranar da aka ce mutanen wancan addini duk mugaye ne, kowaccensu tana da fuskar da za ta tuna.

Ko wannan ma yana da iyaka, kuma wani gwaji da aka yi a arewacin Iraƙi ya nuna ta ƙarara. Mai bincike Salma Mousa ta shirya gasar ƙwallon ƙafa tsakanin Kiristocin da ƙungiyar ISIS ta raba da gidajensu. Ta hanyar ƙuri'a aka ƙara wa wasu ƙungiyoyin 'yan wasa Musulmi, wasu kuma aka ƙara musu Kiristoci 'yan'uwansu. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna waɗanda suka buga da Musulmi sun fi yarda su sake shiga ƙungiyar gauraye, sun fi zaɓar Musulmi a kyautar ɗan wasa mai ladabi, kuma bayan wata shida sun fi ci gaba da atisaye da Musulmi. Amma da aka duba ko za su je cin abinci a wani gidan abinci da ke Mosul, birnin da galibin mazaunansa Musulmi ne, ko su halarci taron da baƙin Musulmi ke ciki, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Sun amince da abokan wasansu, amincewar ba ta tsallaka zuwa ga waɗanda ba su sani ba.

Ke nan liyafar shekara-shekara ba za ta goge abin da rikicin fili, siyasa ko jinin da aka zubar suka rubuta ba. Abin da aiki tare na dogon lokaci ke samarwa ya fi wannan ƙanƙanta, amma yana da amfani ranar tashin hankali: mutanen da ke da lambar wayar juna, waɗanda idan jita-jita ta tashi za su kira su tambaya kafin a fito da makami.

Abin da talaka zai gani a ƙasa

Ga mai karɓa, ribar farko ita ce ƙofofi sun ƙaru kuma rabo ya fi tafiya daidai. Idan wuraren ibada na unguwa ɗaya suka haɗa rajista, sukan gano gida ɗaya na karɓa sau uku, wani kuma ba a taɓa kai masa ba. Sukan kuma raba kwanaki. Kyauta takan yi ambaliya a Ramadan da Kirsimeti, sannan ta ƙafe a sauran watanni, alhali ciki bai san kalanda ba. Da yake lokutan alherin addinai ba sa faɗuwa rana ɗaya, haɗa su kan toshe wasu ramukan.

Haɗarin kuma shi ne ɗan siyasa ya shigo da buhunan da ke ɗauke da hotonsa, ko a mayar da mabukata kayan ɗaukar hoto. Duk aikin da ke bukatar fuskar mai karɓa a intanet kafin ya samu gudunmawa, da mutuncin talaka yake biyan kuɗin talla.

Inda haɗin gwiwar ke yin tasiri mafi girma shi ne idan ya tashi daga ɗakin girki ya nufi ofishin hukuma. Masu ciyarwa su ne suka san adadin da ke ƙaruwa a layi da dalilin zuwan kowa, kuma gwamnatin da za ta iya watsi da koken addini ɗaya a matsayin son kai, da wuya ta yi haka idan duka suka zo da murya guda. A Burazil, gangamin yaƙi da yunwa da Herbert de Souza ya jagoranta a 1993 ya tara coci-coci, ƙungiyoyin ƙwadago da talakawan gari a dubban kwamitoci. Ba rabon abincin ne ya kawo sauyin ba, sai dai ya sa yunwa ta zama maganar da ɗan takara ba zai iya kauce mata ba. A 2003 gwamnati ta ƙaddamar da shirin kawar da yunwa, da tallafin kuɗi ga iyalai matalauta, aka faɗaɗa ciyarwa a makarantu, daga baya doka ta wajabta sayen aƙalla kashi 30 cikin 100 na abincin makarantun daga ƙananan manoma. A 2014 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Burazil daga taswirar ƙasashen da ke fama da yunwa. Da aka rage kuɗin shirye-shiryen, ga matsin tattalin arziƙi da annobar korona, ƙasar ta sake komawa cikin taswirar, ba ta kuma fita ba sai a 2025, bayan an farfaɗo da su.